Tsofaffin katunan girafik a Adum: me ya sa na tsaya kan 1660 Super

Cikin tsofaffin katunan girafik, wato na'urar da ke zana hoton wasa a allon kwamfuta, da ake bajewa a shagunan kwamfuta na Adum a birnin Kumasi na Ghana, uku ne samari ke ta musu a kansu: RX 580 mai 8GB, GTX 1060 mai 6GB, da GTX 1660 Super. Duka ukun suna aiki a ɗakin gem ɗina da ke Aboabo, yara na dukansu tun daga bayan azahar har a rufe shago da dare. Ni ke sayen katin wuta, ni ke kaɗe ƙura, ni ke shan ƙorafi in hoto ya fara tsinkewa ana tsakiyar ƙwallo. Hukuncina a gajarce shi ne, in kuɗinka sun kai, ɗauki 1660 Super. Amma tunda mafi yawan masu tambayata RX 580 ne ke ransu, bari in fara da shi.

Ba laifinsu ba ne. Kamfanin AMD ya fitar da RX 580 a watan Afrilu na 2017 kan dala 229, kuma har yau in ka duba takarda ba ka da abin kushewa: memori 8GB, hanyar memori mai faɗin bit 256, kuma cikin ukun shi ne mafi araha a kasuwarmu. Yaro ya ji 8GB a wannan, ya ji 6GB a wancan, sai ya ce ai magana ta ƙare. A allon 1080p kuwa yana ɗaukar GTA V da Fortnite da ƙwallon EA lafiya lau, kuma a wasannin da ke haɗiyar memori da yawa, 8GB ɗin nan kan cece shi a inda 1060 ke fara haki.

Abin tambaya shi ne daga ina waɗannan katunan suka kwararo haka, kwali-kwali, wasu ma da sabuwar leda. Shekaru da dama RX 580 na cikin katunan da masu haƙar kuɗin kirifto suka fi so. Sukan jera su da yawa a kan katako ko ƙarfe, dare da rana ba a kashewa. A ranar 15 ga Satumba 2022 Ethereum, kuɗin kirifton da aka fi haƙa da su, ya sauya tsarinsa ya daina buƙatar katunan girafik, aikin ya mutu dare ɗaya, sai aka juye kayan kasuwa. Da yawa sun bi ta hannun masu gyara a Sin, an wanke, an sa sabuwar fanka da sabon murfi, an liƙa suna. Kamar tirotiron (ƙaramar motar haya) da ya shekara goma yana zirga-zirga tsakanin Kejetia da Tafo ne aka kai shi wurin mai fenti: jiki na sheƙi, amma injin ya san abin da ya gani. Wani zai yi maka shekaru ba ko tari, wani kuma wata biyu sai ɗige-ɗige masu launi su cika allo.

Na taɓa buɗe ɗaya da wani maƙwabcina ya kawo yana kukan zafi. Daga waje fes yake. Da na kwance sukurori huɗun da ke baya na ɗaga ƙarfen sanyaya, man da ake shafa wa guntun tsakiya ya bushe ya zama gari, da farce ma kana kankare shi. 'Yan katifun robar da ke kan memori sun yi laushi suna tsatsar da mai, allon kuma ya yi ruwan ƙasa-ƙasa a gefen da wuta ke shiga, alamar ya daɗe yana gasuwa. Na goge, na sa sabon mai da sababbin katifu, zafin ya sauka sosai, kuma katin na nan yana aiki. Sai dai wanda ba ya iya wannan ɗan aikin, ko ba ya da mai yi masa, ya sa kuɗin gyara cikin lissafinsa tun kafin ya taya.

Akwai kuma wani tarko da ya fi wannan yawa yanzu. Yawancin abin da ake kira RX 580 mai araha, wanda ake cewa 2048SP ne, wato samfurin da aka yi don kasuwar Sin. RX 580 na ainihi yana da 'yan ma'aikata, wato ƙananan sassan da ke lissafin hoto, 2304 a cikin guntunsa, wannan kuwa 2048 ne, daidai da na RX 570. Ba jabu ba ne, yana aiki, amma ƙanen ne aka sa wa rigar yayan, don haka kuɗin ƙanen ya kamata ka biya. Manhajar GPU-Z kyauta ce, kuma cikin daƙiƙa biyar za ta nuna maka lambar.

Duk wannan ma ba shi ya raba ni da RX 580 ba. Wuta ce. Katin na jan wat 185, alhali 1660 Super wat 125 ne, 1060 kuma 120. Bambancin wat 60 bai yi kama da wani abu ba sai ka ninka. Injin da ke aiki awa 10 a rana, ƙarin yunit 18 ke nan a wata, a inji ɗaya tak. Mai kwamfuta guda a ɗaki da ke wasa bayan isha'i ba zai ji a jikinsa ba. Mai shago irina da mitar firifed ke masa ƙara tsakiyar mako, shi ya san zafinta. Kuma wutar da kati ya ja ba ɓacewa take ba, zafi take zama. A watan Fabrairu da Maris, lokacin da Kumasi ke tafasa kafin ruwa ya sauka, kujerar da ke kusa da injin RX 580 ita ce ta ƙarshe da yara ke zaɓa, ga fankokinsa na kuka har suna danne sautin wasa. Haɗa da ƙurar hunturu da ta riga ta toshe haƙoran ƙarfen sanyaya tun Disamba, ka ga aiki. Ga kuma batun direba, wato manhajar da ke tafiyar da katin: tun ƙarshen 2023 AMD ya ware wannan zuriya daga layin sababbin katunansa, gyara kawai take samu jefi-jefi.

GTX 1060 ba shi da dogon labari, kuma wannan yabo ne. Ya fito a Yuli 2016 kan dala 249, filogi ɗaya mai ƙafa shida ya ishe shi, ba ya zafi, ba ya hayaniya. Shekaru ya yi yana kan gaba a ƙidayar da Steam, kasuwar wasannin kwamfuta ta intanet, ke yi ta katunan da mutane ke amfani da su, sai ƙarshen 2022 GTX 1650 ya karɓe kujerar. Ƙarfinsa da na RX 580 kunnen doki ne, wannan ya ci nan, wancan ya ci can. Abu biyu ne za a kiyaye. Mai 3GB ba rabin memori kawai aka rage masa ba, har 'yan ma'aikatan cikinsa 1152 ne maimakon 1280, kuma 3GB a yau wahala ce zalla, ko kyauta-kyauta aka sa masa kuɗi ka wuce. Na biyu, Nvidia, kamfanin da ke yin katunan GTX, ya tsayar da sababbin direbobin wasa ga jerin GTX 10, wanda 1060 ke ciki, daga Oktoba 2025, saura gyaran tsaro kawai. Wasannin da kake yi yau ba za su daina tashi gobe ba, amma duk sabon da ya fito da matsala a kansa, babu mai zuwa ya gyara maka.

A nan 1660 Super ya yi musu fintinkau. Oktoba 2019 ya fito, kan dala 229, kuɗin da aka sayar da RX 580 tun farko. Memorinsa GDDR6 ne, ya fi na waɗancan biyun sauri, kuma a aikace yana dab da GTX 1070, katin da a 2016 sai mai hali. Ƙwallon EA ne abincin shagona, kuma ga FC 24 kamfanin ya ce mafi ƙarancin abin da zai ɗauke shi GTX 1050 Ti ne ko RX 570, wanda ya ba da shawara kuma GTX 1660. To Super ya ɗara wannan. A injin da yake, ina ɗaga ingancin hoto sama in kulle firem a 60, in manta da shi. Yaran da ba su san sunan ko kati ɗaya ba sun san injin bakin taga ne mai santsi, har rigima suke a kansa.

Zuriyarsa ɗaya da katunan RTX 20 da suka biyo bayan GTX 10, shi ya sa har yanzu yana cikin masu samun sabon direba, kuma yana gane wasu sababbin dabarun zana hoto da tsofaffin ba su sani ba. Lokacin da Alan Wake 2 ya fito a Oktoba 2023, masu GTX 10 sun sha wuya a kansa saboda wannan giɓin, har sai da aka yi wa wasan gyara daga baya. Kada dai a ɗauka ba shi da iyaka. Memorinsa 6GB ne, kuma sababbin manyan wasanni sun fara raina 6GB. Ba shi da DLSS, dabarar Nvidia ta ƙara wa wasa sauri, sai dai takwararta FSR ta AMD da ke aiki a kan kowane kati. Wasannin da suka wajabta kati mai bin sawun haske, irin su Indiana Jones and the Great Circle da Doom: The Dark Ages, ba za su tashi a kansa ba sam. Kuma shi ma masu haƙar kirifto sun so shi ƙwarai, saboda wannan rashin cin wutar da nake yabo. A gwada shi kamar yadda za a gwada kowa.

Kafin duk wannan ma, sai a duba akwatin da za a sa katin. Ɗan yayata ya zo min da murna ya tara kuɗin RX 580, kwamfutarsa kuwa irin siraran Dell OptiPlex ɗin nan ce da ake kwasowa daga ofisoshin Turai.

"Kawu, an ce min akwai waya da ake jonawa daga wurin hadis a ba kati wuta."

"Akwai ta," na ce masa, "amma ba a gidan yayata za a jona ta ba."

Filogin SATA, wato na wurin hadis (hard disk) ɗin da yake nufi, an yi shi ne don abin da bai wuce wat 54 ba, mai ƙafa takwas da RX 580 ke nema kuwa har wat 150 ake ja ta cikinsa. Roba ce za ta narke, in an yi sa'a a tsaya nan. Waɗannan injinan fawa saflai ɗinsu, wato akwatin da ke raba wa kwamfuta wuta, ƙarami ne, sau da yawa ba ya kai wat 300, filoginsa na musamman ne, kuma kati mai tsayi ba ya ma shiga murfi ya rufu. Abin da ya dace da su shi ne katin da wat 75 na ramin madabod, babban allon da ake cusa katin a kai, ke isar sa, wato GTX 1650 ko 1050 Ti, gajeren samfuri. 1650 muka saya masa, kuma yana buga ƙwallonsa. A kula da 1050 Ti, don shi aka fi yi wa jabu: tsohon kati irin GTS 450 ake sauya wa suna a ciki. In ka ga 1050 Ti da shuɗin ramin VGA a baya, ajiye shi ka yi sallama. Wannan kuma ya tuna min, duk katunan nan ba sa fitar da siginar VGA, kuma ɗan adaftan DVI mai arha ba ya aiki a kansu. Mai tsohon monita ya nemi na HDMI zuwa VGA.

Yadda nake saye ba wani sirri ba ne. Ba na tura MoMo, wato kuɗi ta waya, don hoton da na gani a intanet, ƙafata nake kaiwa. Da filas ɗina nake zuwa, GPU-Z da FurMark, manhajar da ke matsa wa kati don a ga juriyarsa, na ciki. Dattijon da na fi saye a wurinsa ya saba da halina, da ya hango ni sai ya ce wa yaronsa ya share tebur.

"Malam, kai kullum sai ka dafa min kaya kafin ka biya."

"Alhaji, gara ya ƙone a teburinka da ya ƙone a nawa."

Sai ya yi dariya ya miƙo kujera. Nakan bar FurMark ya yi kwata awa ko fiye, ina kallon zafi. In ya haura digiri 85 yana ci gaba da hawa, ko allo ya ɗauke ya dawo, ko wasu 'yan murabba'ai suka fara walƙiya, ciniki ya mutu. Ina sa kunne kusa da fanka in ji ko tana gurnani, in kashe in juya ta da yatsa in ga ko tana lilo. Ina gwada kowane rami na baya, don an sha samun kati mai HDMI matacce. Sannan a rubuta min garanti a rasit, ko na sati biyu ne. Mai shagon da ya ƙi a gwada kayansa, akwai wani shagon a gabansa, Adum ba ta ƙarewa.

Farashi ban kawo ba da gangan, don yana bin dala ne, abin da na faɗa yau zai iya zama ƙarya ranar Juma'a. Tazarar da ke tsakanin katunan ita ce abin dubawa. In RX 580 na ainihi ya sauko nesa da 1660 Super, kana da fawa saflai nagari mai wat 500, kuma awa biyu-uku kake wasa, ɗauke shi ba kunya. In tazarar kaɗan ce, ƙara haƙuri ka cika. GTX 1080 Ti mai 11GB kan ja ido in an gan shi, amma wat 250 yake sha, kuma direbansa ya tsaya tare da na 1060.

Wanda nake sa wa ido yanzu RX 6600 ne na 2021: 8GB, wat 132, ya fi 1660 Super ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma yana buɗe wasannin nan masu bin sawun haske ko da a ƙaramin saiti. Na hannunsa ya fara shigowa jefi-jefi. Na riga na gaya wa Alhaji in ya samu mai tsabta ya ajiye min, injin RX 580 nake so in fara sauya wa kafin zafin Maris.