Ƙwayar kulorin ko na'urar gishiri: wanne ya fi dacewa da kwamin ninkaya na gida?

Malam, ka tambaya ko ka ci gaba da sa ƙwayar kulorin a kwamin ninkayar gidanka ko ka koma na'urar gishiri, tunda an ce maka ita ba ruwanta da sinadari. Wanda ya faɗa maka haka bai faɗi daidai ba. A dukansu biyu kulorin ne ke kashe ƙwayoyin cuta da gansakuka. Na'urar tana da faranta na ƙarfen titaniyam da ruwa ke ratsawa, wutar lantarki ta farfasa gishirin da ke cikinsa, kulorin ya fito. Abin da ake nema a ruwan ɗaya ne: kulorin miligiram 1 zuwa 3 a kowace lita, pH kuma, wato ma'aunin tsamin ruwa, tsakanin 7.2 da 7.8.

Ƙwaya ta fi sauƙin farawa. Ka zuba ta a ɗan mazubin da ke yawo a kan ruwa, da wuta ko ba wuta tana narkewa. Illarta ce ba a gani da wuri. Irin ƙwayar nan mai narkewa a hankali tana ɗauke da asid ɗin sayanurik, wanda ke hana rana cinye kulorin, kuma duk miligiram 10 na kulorin da ta bayar sai ta bar kusan 6 na sayanurik. Kulorin ya yi aikinsa ya ƙare, shi kuwa sayanurik yana nan zaune, kullum ƙaruwa yake. Daga miligiram 30 zuwa 50 a kowace lita amfani yake yi. In ya doshi 100 sai ya kashe wa kulorin kaifi: gwaji ya nuna maka akwai kulorin, ga ruwa kuma yana komawa kore. A nan ne mutane ke ta ƙara ƙwaya, alhali ita ce ta jawo abin. Mafita ita ce a zubar da wani kaso na ruwan a ƙara sabo. Ban da haka ƙwayar mai tsami ce, tana jan pH ƙasa.

Na'urar gishiri ba ta tara sayanurik, kai ne ma za ka zuba shi daidai bukata. Tana son gishiri kamar kilo 3 ga kowace lita 1,000, wato kwami mai lita 50,000 zai ci kilo 150 a zubin farko. Kada adadin ya firgita ka, bai kai kashi ɗaya cikin goma na gishirin teku ba, kuma gishiri ba ya bin tururi. Sai an wanke matatar ruwan ko ruwan sama ya sa kwamin ya tumbatsa ake ɗan ƙarawa. Sai dai ita na'urar pH take turawa sama, don haka ba ka rabuwa da jarkar asid ɗin saukar da pH. Farantan suna tara farin ɓawo irin na cikin butar dafa ruwa, sai an riƙa dubawa ana wankewa, kuma bayan shekara 3 zuwa 7 sai an sauya su, da tsada. Gishirin kan sa tsani da kusoshi tsatsa, yana kuma cin dutse mai laushi na bakin kwami.

Abin da nake ganin ya kamata ya raba maka gardama shi ne wuta. Na'urar ba ta fitar da kulorin sai injin tura ruwa yana aiki. In kana iya kunna shi kamar awa 8 kullum ba fashi, kuma kana yawan tafiye-tafiye, gishiri zai hutar da kai. In ba haka ba, zauna kan ƙwayarka, amma ka riƙa hutar da ita kana amfani da kulorin na ruwa, wanda ba shi da sayanurik. Ko mai na'ura ma ya ajiye shi, don bayan yara sun cika kwami ko an tafka ruwan sama, na'urar ba ta ɗaga kulorin da sauri.

Ko wanne ka ɗauka, gwajin ruwa sau biyu ko uku a mako na nan, da kwashe ganye da goge bango. Kuma kada ka kuskura ka haɗa ƙwaya da garin kulorin a mazubi ɗaya, suna iya kamawa da wuta. Asid ma a cikin ruwa ake zuba shi, ba a zuba ruwa a kansa.