Wata shida ina hawa da tiyub mai giram 36

Ranar da kwalin ya iso hannuna, na ɗauka an manta ba a sa komai a ciki ba. Da na buɗe sai ga wani ɗan abu a nannaɗe, sul-sul kamar leda, wanda zan iya rufe shi ruf a tafin hannu. Na ɗora shi a ƙaramin sikeli, giram 36. Na zaro tsohon baƙin tiyub daga tayar gaba na ɗora, giram 105. Guda huɗu na saya, kuma yau wata shida ke nan ina hawa da su a keken tserena mai taya mai faɗin milimita 28.

Ga wanda bai taɓa damuwa da abin da ke cikin tayarsa ba, tiyub iri uku ne. Akwai baƙin da kowa ya sani, na robar butil, wadda aka ƙirƙiro a Amurka a 1937. Yana riƙe iska, yana jure wulaƙanci, kowane mai faci ya san makamarsa. Akwai na ɗanyar roba, wato latis, mai laushi da santsin tafiya, wanda masu tsere suka daɗe suna so duk da cewa iska na sulalewa daga cikinsa kafin gari ya waye. Na uku shi ne wannan sabon shiga da ake kira TPU, wanda ya fi kusa da leda mai talewa fiye da roba. Kamfanin Tubolito na Ostiriya na cikin waɗanda suka fara yayata shi da launinsu na ruwan lemo, Schwalbe na Jamus ya fito da nasa mai suna Aerothan a 2020, Pirelli na Italiya ma yana da nasa. Nawa ba na ɗaya daga cikinsu ba ne, kuma ba zan kama suna ba.

Na farko ni na kashe shi da hannuna, tun bai ga kwalta ba. Na saba in hura wa baƙin tiyub iska sosai kafin in sa shi a taya, don ya miƙe. Haka na yi wa wannan. Bugu na huɗu ko na biyar na famfo, sai gefe guda ya kumbura kamar cikin kwaɗo. Na saki iskar, kumburin bai koma ba. Ashe shi ba ya komawa: inda ya tale ya tale ke nan, wurin ya yi siriri har abada. Gargaɗin na nan a rubuce a jikin kwalin, ni ne ban karanta ba. Iskar da ake ba shi a waje 'yar kaɗan ce, daidai yadda zai yi zagaye kawai. Wannan halin nasa ne ma ya sa idan ya zauna a taya mai faɗin 28, ba a mayar da shi cikin ta 25, don zai naɗe a ciki.

Sauran na bi su a hankali. Na duba tef ɗin rim ko akwai ramin sipok da ya buɗe, na shafa cikin taya da yatsa, na ajiye liba, wato abin ɓanɓare taya, gefe na tura bakin tayar da manyan yatsuna har suka yi ja. Launinsa mai haske ya taimaka a nan, don da ya leƙo ƙarƙashin bakin taya za ka gan shi, ba kamar baƙi a cikin baƙi ba.

To, ana jin sauƙin nauyin a ƙafa? Gaskiya, da ƙyar. Tayoyi biyu sun rage mini kusan giram 140. Ni da keken da gorar ruwa mun haura kilo 80, ka ga abin da na rage bai wuce 'yan kurɓin ruwa ba. Masu sayarwa za su ce maka nauyin da ke bakin taya ya fi na ko'ina tasiri, tunda juya shi ake yi, kuma haka ne, amma a lokacin tashi da ƙara gudu kawai. Idan ka riga ka kama gudu a miƙaƙƙiyar hanya, babu ruwan ƙafarka da shi. A makon farko na ji kamar keken yana zabura da wuri idan na miƙe a kan feda. Ko keken ne, ko zuciyar wanda ya kashe kuɗi ce take lallashin kanta, na bar wa Allah sani.

Abin da ban yi shakkarsa ba shi ne yadda tayar ke mirginawa. Duk lokacin da taya ta taka ƙasa tana lotsawa ta dawo, tiyub ɗin ciki ma haka, kuma roba mai kauri tana cinye wani ɓangare na ƙarfinka ta mayar da shi zafi. Siririn tiyub kaɗan yake ci. Masu gwaji da na'ura sukan sa latis a gaba, TPU dab da shi, baƙin butil a baya, da bambancin 'yan wat ƙalilan, wato ma'aunin ƙarfin da ƙafa ke kashewa. A kwalta mai kyau na ji wannan santsin. A mai tsakuwa kuwa latis ya fi shi shanye girgiza, har sai da na ɗan rage iska kafin hannuwana su daina tsami. Yana kuma da wata ƙara, wani amo kamar na fankon gwangwani, da ta dame ni kwana biyu sannan kunne ya saba.

Riƙe iska ne ya raba ni da latis. Da can kullum safe sai na durƙusa gaban famfo. Yanzu sai bayan kwana uku ko huɗu.

Faci sau ɗaya ya same ni, ɓallin kwalba a tayar baya. Iskar ba ta fita fat ɗaya ba, a hankali ta sauka har na samu wurin tsayawa. Na sauya a gefen hanya, na kawo mai hujin gida, a nan ne na sha wahala. Sholisho da facin roba ba sa kama shi ko kaɗan. Facinsa daban ne: ba a goga sanfefa, sai a goge wurin da sifirit, a manna, a danne da ƙarfi a bar shi ya kama. Kafin nan ma sai ka gano hujin, alhali ba ka da damar hura shi da yawa. Na daɗe a kan bahon ruwa ina jiran kumfa. Facin farko ya yi kwana biyar ya fara yoyo, na biyu ne ya zauna, yana nan har yanzu.

Bawul ɗin ne ban so ba. Na roba ne mai tauri, ba shi da zare a jiki, saboda haka babu noti da zai riƙe shi, kana danna kan famfo yana nutsewa cikin rim. Da ƙaramin famfon hannu dole ka tallafe shi, in ba haka ba kana bugawa kana karkata shi. Ɗaya cikin huɗun ma daga gindin bawul ya riƙa sakin iska, wurin da faci ba ya zama. Ke nan biyu sun tafi, ɗaya laifina, ɗaya nasu, ga shi kowane guda ya fi baƙin tiyub tsada nesa ba kusa ba.

Mai birkin da ke kama rim ya karanta kwali da kyau. Doguwar gangara tana gasa rim, TPU kuma ba ya son zafi, shi ya sa mafi siranta, masu giram 23 zuwa 25, ake cewa na birkin faifai ne kaɗai, wato wanda ke kama wani faifai a tsakiyar wili maimakon rim. Kekena na faifai ne, duk da haka ban ga dalilin sauka zuwa can ba. Bambancin giram goma sha biyu bai kai in riƙa tafiya da fargaba ba.

Inda ya ci ni da yaƙi shi ne 'yar jakar da ke ƙarƙashin sirdi. Wurin da baƙin tiyub ɗaya yake cikewa, yanzu TPU biyu ne a ciki da liba da kwalin faci, zif kuma yana rufuwa ba gardama. Na ƙara sayen biyu saboda wannan kawai. Keken da nake zuwa aiki da shi kuwa baƙin tiyub ɗinsa na nan, ban taɓa shi ba, don ba ni da lokacin zama gaban bahon ruwa da sassafe.