Buhun naushi ko ƙarfen matsa hannu? Ɗauki buhu

Ɗan'uwa, ka tambayi abin da za ka saya don ƙarfafa hannunka saboda naushi. Tsakanin buhun naushi da ƙarfen nan mai sifirin da ake matsawa a tafin hannu, buhu za ka saya. Duka biyun ina da su a gida.

Ƙarfen dai ba laifi, yana ƙara ƙarfin riƙo kuma yana shiga aljihu. Iyakarsa ke nan. Nawa yara ne ke wasa da shi yanzu. Ba ya koya wa wuyan hannu tsayawa a miƙe lokacin da naushi ya sauka, alhali a nan ake samun targaɗe.

Buhuna kuwa wani baduku ne ya ɗinka min da tamfol ninki biyu. Na bi shagunan teloli na tattaro ƙyallaye na cusa, na rataye shi a reshen darbejiyar ƙofar gida. Wani tsohon ɗan dambe na unguwarmu ya zo wucewa ya tarar ana shirin ɗura masa yashi zalla, ya ce a dakata. Yashi, in ji shi, taruwa yake a gindin buhu ya daskare, damina ɗaya sai ka ji kamar bangon siminti kake duka. Ya sa aka ƙulla yashi kaɗan a leda aka binne a tsakiyar ƙyallayen, don nauyi kawai. Daga ranar ya mayar da gindin darbejiyar nan wurin hirarsa bayan la'asar, yana kallo yana gyara mana hannu, ko sisi bai taɓa karɓa ba.

Abin da ya fi nanatawa shi ne inda naushi ke sauka. Hannu ɗaya ƙasusuwa 27 ne, galibinsu ƙanana. Gaɓar manuniya da ta ɗan tsakiya su ya kamata su fara taɓa buhu, wuyan hannu a miƙe. In naushi ya karkace ya sauka ta gefen ƙaramin yatsa, siririn ƙashin da ke bayansa ne ke karyewa, kuma wannan karaya ta yi yawa a wajen masu dukan bango. Ƙashi yana ƙara ƙwari idan ana ɗora masa aiki kaɗan-kaɗan, amma lamarin na watanni ne, jijiyoyi ma ba sa gaggawa. Kantar da ke fitowa a fata da wuri ita ke ruɗin samari, su ɗauka hannu ya nuna.

Kada wani ya ce maka ai 'yan karate katako suke duka. Abin dukansu, wato makiwara, da mutanen Okinawa ta ƙasar Japan suka ƙirƙiro katako ne mai lanƙwasawa, an naɗe kansa da igiyar ciyawa, yana ja da baya idan an buge shi. 'Yan dambenmu na gargajiya ma ba da hannu tsirara suke shiga fili ba, sai an naɗe shi da ƙyalle an ɗaure da igiya. Don haka ka haɗa da bandejin naɗi mai tsawon mita 4.5, da safar dambe mai nauyin oza 14 ko 16. Kuɗin ƙarfen nan, zuba shi a nan. In riƙo kake so, cika bokiti da shinkafa ka riƙa cusa hannu kana damƙa kana warewa.

Ba ka tambaya ba, amma ka kula da masu sayarwa, musamman na intanet. Za a nuna maka safa mai tambarin babban kamfani a rantse fata ce, ta zo roba, ta fara ɓarewa kafin wata ya ƙare. Wata an rubuta oza 16 amma ba nauyi. Ɗora safar hannu ɗaya a sikeli, ya kamata ta kai wajen giram 450. Danna wajen gaɓoɓi da babban yatsa, in sosonta ya lotsa har ka taɓo hannunka, ajiye musu kayansu. Kada ka tura kuɗi sai kaya sun iso. Masu man shafawa da wai yana taurara ƙashi cikin mako guda kuwa, ko ciniki kada ka tsaya yi.

In gaɓa ta kumbura ta ƙi saɓewa, ko ka ga ta lotsa, huta da buhun, je a ɗauki hoton ƙashi tukuna kafin a kai ka wajen mai ɗori.