Kafin ka sayi faifan HDD don ƙara wa kwamfutarka wurin ajiya

Idan hotuna, bidiyo da takardu sun cika kwamfutarka, hanya mafi sauƙin kuɗi ita ce ka ƙara mata faifan HDD a ciki, wato ma'ajiyar bayanai mai faifai da ke juyawa. SSD, wato ma'ajiyar da babu abin da ke juyawa a cikinta, ya fi shi sauri nesa ba kusa ba, amma kuɗin da za ka kashe kan kowane terabait ya fi yawa sosai. Saboda haka ka bar Windows da manhajoji a kan SSD, tarin kaya kuma su koma kan HDD.

Fara da buɗe kwamfutar ka duba. Ta tebur tana ɗaukar faifai mai inci 3.5, kuma yana buƙatar waya biyu: ta SATA mai ɗaukar bayanai da ta wuta. Laftof kuwa mai inci 2.5 take ɗauka, kaurinsa milimita 7 ko 9.5. Yawancin sababbin laftof ma ba su da gurbinsa sam, sai na M.2, wato gurbin ƙaramin SSD.

Kamfanoni uku ne suka rage suna ƙera irin wannan faifai: Seagate, Western Digital (WD) da Toshiba. A ganina, gardamar wane ne ya fi a cikinsu ba ta kai muhimmancin tambaya ɗaya da masu shago ba su cika ɗagowa ba: CMR ne ko SMR? A faifan CMR, layukan rubutu suna jere gefe da gefe ba tare da sun hau juna ba. A faifan SMR kuwa, suna hawa kan juna kamar jerin kwanon rufi, don a samu wuri mai yawa da araha. Matsalar ita ce idan ka tura masa manyan fayiloli a jere, sai ya yi nauyi har ka zaci ya tsaya. A 2020 an yi ta ce-ce-ku-ce bayan an gano wasu faifan WD Red na SMR ne ba a faɗa wa masu saye ba, daga nan kamfanin ya ware WD Red Plus a matsayin na CMR. Suna kaɗai ba ya isa, lambar samfuri za ka karanta. WD Blue mai 4TB, alal misali, WD40EZAZ na SMR ne, WD40EZAX kuwa CMR. Seagate BarraCuda mai 2TB da mai 4TB da suka fi yawa a kasuwa su ma SMR ne.

Ga wanda zai zuba hotunan biki ya manta da su, SMR ba laifi. Mai tace bidiyo ko mai shagon tura finafinai da waƙoƙi, wanda kullum gogewa yake yana sake zubawa, ya ƙara kuɗi ya ɗauki CMR, irin su IronWolf ko Red Plus, masu garantin shekara 3. Blue da BarraCuda shekara 2 ne. Batun saurin juyawa kuwa, juyi 5400 a minti ɗaya ya wadatar don ajiya, kuma bai kai 7200 zafi da ƙara ba.

Sai na hannu, wanda nan ne mutane suka fi asara. Faifai na iya yin kyau a ido alhali ya shekara biyar yana juyawa dare da rana a wani kamfani. Kada ka biya sai an jona shi a gabanka an buɗe CrystalDiskInfo, manhajar kyauta ce. Duba awoyin da ya yi yana aiki, sannan ka duba ko ya fara sauya gurɓatattun sassa. In ta nuna launin rawaya, ka bar shi komai arharsa. Sabo ma ka shigar da lambar siriyal ɗinsa a shafin kamfanin don tabbatar da garanti, domin ana goge tsoho a liƙa masa sabuwar takarda.

Kada ka tayar da hankali idan 4TB ya nuna maka 3.63TB, bambancin lissafi ne kawai. Amma lokacin da Windows zai shirya faifan, ka zaɓi tsarin GPT, don tsohon tsarin MBR ba ya wuce 2TB. In kuma unguwarku ana yawan ɗauke wuta, ka sa kuɗin UPS, wato na'urar batir da ke riƙe wa kwamfuta wuta, cikin lissafinka tun farko, domin yankewar wuta ana tsakiyar rubutu na iya lalata fayilolin da ke kan faifan.