Ranar JAMB da ranar Post-UTME ga mai neman likitanci: shirin ba ɗaya ba ne

Ƙanwata, na ga tambayarki. Kina neman gurbin karatun likita, kina kuma son sanin ko shirin da za ki yi wa ranar JAMB shi ne za ki maimaita ranar Post-UTME, wato tantancewar da jami'a ke yi da kanta bayan JAMB, tunda galibi darussan su ne dai Turanci, Bayoloji, Kimistiri da Fiziks. Karatun kam ɗaya ne. Amma ranakun biyu kowace da halinta, kuma yara masu ƙwazo da yawa a nan suke tuntuɓe, ba a wajen littafi ba.

JAMB sananniyar hanya ce. Hukumar tun 1978 take, kuma tun 2015 jarrabawar ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya. Tambayoyi 180 ne cikin awa biyu: 60 na Turanci, 40 kowanne a sauran ukun, jimillar maki 400. Idan kika raba, kowace tambaya daƙiƙa 40 take da ita. Wannan lissafin shi ne abokin karawarki a ranar. Tambayar Bayoloji da kika sani ba za ta ci daƙiƙa 15 ba, ta Fiziks kuwa tana iya cinye minti biyu. Shi ya sa nake ba da shawarar ki fara da darasin da hannunki ya fi faɗawa, ki tara rarar lokaci, sannan ki zuba ta a kan masu lissafi. Ba a rage maki don an yi kuskure, saboda haka kada ki bar ko tambaya ɗaya babu amsa. Ki saba da madannan tun a gida: A, B, C, D na zaɓen amsa, N ki ci gaba, P ki koma baya, S ki miƙa. Wanda ya saba da su ba ya ɓata lokaci yana lalube da linzamin kwamfuta. In kin samu damar yin jarrabawar gwaji da hukumar ke shiryawa, ki yi ta, ko don ki ji yadda zama gaban allo yake alhali agogo na gudu a saman sa.

Post-UTME kuwa kowace jami'a da tata ƙa'idar. An fara ta a 2005, gwamnatin tarayya ta soke ta a 2016, aka dawo da ita a 2017. Wata jami'ar jarrabawa take yi a kwamfuta, wata tantance takardu kawai take yi ta haɗa makin JAMB da na WAEC ko NECO, kuma jami'a ɗaya tana iya sauya tsarinta daga bara zuwa bana. Don haka abin da ɗan ajin gaba ya gaya miki labari ne mai amfani, amma sanarwar bana da ke shafin jami'ar ita ce abin riƙewa. Ki karanta ta da idonki, sau biyu.

Ga inda nake so ki tsaya ki yi tunani sosai. Jami'o'i da dama da ke yin jarrabawar raba-daidai suke yi: a raba makin JAMB gida takwas, a raba na Post-UTME gida biyu, a haɗa. A ce kin ci 280, kin tashi da 35 ke nan cikin 50. Wata ta ci 304, tana da 38. Ratar maki 24 da ta ba ki ta koma 3 kacal. To a ce tambayoyin Post-UTME 50 ne a kan maki 100. Kowace tambaya ɗaya tana ɗauke da maki guda cur a lissafin ƙarshe, alhali tambaya ɗaya a Kimistirin JAMB ba ta kai rabin haka ba. Tambaya huɗu kawai za ki fi ta, kin sha gabanta. Guraben likitanci kuma ƙidayayyu ne, domin hukumar MDCN, mai kula da aikin likitanci a Najeriya, ita ce ke ƙayyade wa kowace makaranta adadin ɗaliban da za ta ɗauka. Abin da ya fi damuna shi ne yadda yara ke ganin 290 ko 300 su ajiye littafi wata uku suna jiran kira. Ranar Post-UTME sai su tarar lissafin mol na Kimistiri ya gudu daga kai.

Sai maganar ƙofar shiga. A JAMB yatsanki ne shaidarki. Za ki dangwala kafin a bar ki ki shiga, kuma hukumar ta sha gargaɗi a kan lalle. Na taɓa raka 'yar maƙwabtanmu wata cibiya, muka tarar da yarinya a gefen layi tana ta goga ɗan yatsa a jikin hijabinta, na'ura ta ƙi karɓa. Bikin yayarta aka yi a makon, aka yi mata ƙunshi har saman yatsu. Sauran suna ta shigewa, ita tana hawaye. Don Allah, ko bikin wa ake yi, ki bar yatsunki fes har ki gama. Waya, agogon hannu, kalkuleta da biro duk ba sa shiga, akwai kalkuleta a jikin allon. Silif ɗin da kika buga shi ne zai nuna miki cibiya, rana da lokaci.

A Post-UTME takardu ne ke magana: silif na jami'ar, sakamakon JAMB, shaidar biyan kuɗi, hotunan fasfo, da duk abin da sanarwar ta lissafa. Ki yi musu kwafi biyu, ki sa a leda saboda ruwa. Ki kuma tabbatar an ɗora sakamakonki na sakandare a CAPS, wato shafin JAMB na ba da gurbin karatu, don ba a ba da gurbi sai da shi. Makarantu da yawa suna son kiredit biyar na Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kimistiri da Fiziks a zama ɗaya ga mai neman likitanci.

Tafiyar ma ta bambanta. JAMB a garin da kika zaɓa take, ya ishe ki ki je ki ga cibiyar ana gobe, ki san kuɗin adaidaita da tsawon hanya. Post-UTME ke za ki bi jami'a har gida. Idan Zariya ce, harabar Samaru daban, ta Kongo daban. Idan Kano ce, tsohuwar harabar Bayero daban, sabuwar da ke hanyar Gwarzo daban. Ki san takamaiman ɗakin, ki isa garin ana gobe, ki kwana wajen 'yan uwa. Kada ki yarda ki taso daga tasha da asubar ranar, mota ba ta da alkawari.

Daren jajibiri ne kaɗai wurin da shirin ya zama ɗaya. Bayan isha'i ki duba 'yar takardar da kika tara ƙa'idojin lissafi, ki jera kayanki, ki roƙi Umma addu'a, ki kwanta. Da safe ki ci abin da cikinki ya saba da shi, koko da ƙosai ko shayi da burodi, kar ki cika ruwa. Allah Ya ba ki sa'a. Ki faɗa mini jami'ar da kika cike, mu duba sanarwarta tare.