Kuɗin binciken lafiyar tsofaffi: wace ƙofa ɗalibin likita a Maraɗi zai ƙwanƙwasa?

Kusan rabin mutanen Nijar ba su kai shekara 15 ba, shi ya sa kuɗin bincike ke tafiya wajen tamowa da rigakafi. Ko Epicentre, cibiyar binciken lafiya ta ƙungiyar likitoci ta MSF da ke nan Maraɗi, yara ta fi sa wa ido. Mai son nazarin hawan jini, shanyewar ɓarin jiki ko gigin tsufa sai ya zaɓi ƙofa da lura.

Shirin MSTAR na Amurka, mai koya wa ɗaliban likita binciken tsufa na mako 8 zuwa 12, na ɗaliban can ne, kada ka ɓata dosiyenka. Kuɗin ANAB, hukumar tallafin karatu ta Nijar, na ci da haya ne. Tallafin tafiya na AUF, ƙungiyar jami'o'i masu amfani da Faransanci, yana da amfani, amma sai kana da malamin da zai karɓe ka a waje.

Ni abin da na fi so shi ne ka ɗaura binciken a kan tez ɗinka, wato kundin kammala karatunka, ƙarƙashin malami a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo wanda ya riga ya samu kuɗin aiki. Tsofaffin suna nan a layin asibiti kowace safiya, da Hausa za ka tambaye su, kuma Baba zai gaya maka abin da ba zai gaya wa baƙo ba. Buƙatarka kaɗan ce: na'urar awon jini, takardun tambayoyi, man babur, da izinin kwamitin ɗa'a. In tez ta yi kyau, da ita za ka nemi tallafin RSTMH, ƙungiyar masana cututtukan ƙasashe masu zafi ta Ingila, wanda ke kaiwa fam 5,000.

Amma kafin ka ce wa malamin to, tambayi abu biyu. Kuɗin kafin aiki ake bayarwa, ko sai ka kashe naka a maido maka? Sannan sunanka zai fito in an buga sakamakon? Na taɓa tara wa wani bayanan marasa lafiya, takarda ta fito ba sunana, har yau abin na ci mini rai. A rubuta yarjejeniya tun farko.

Ƴan damfara kuwa sun cika WhatsApp da Facebook. Za su turo sanarwa mai tambarin Hukumar Lafiya ta Duniya (OMS), su ce ka aiko jikka goma kuɗin dosiye kafin gobe. Tallafi na gaskiya ba ya tura ka biyan kuɗi a lambar wani mutum. Duba adireshin imel ɗin, in Gmail ne ka share. Haka mujallun da ke alkawarin buga aikinka cikin mako guda in ka biya. Nuna wa malaminka sunan mujallar kafin ka tura ko dala.