Ofishin fassara a Samaru da ya mayar min da tallan garin kunu zuwa Yarbanci da Ibo

Sana'ata haɗa garin kunun gyaɗa da yaji, a nan Tudun Wadar Zariya nake yi, in ɗura a leda da robobi. Masu sarin kayana a Sabo ta Ibadan da kasuwar Onica sun daɗe suna min maganar cewa matan can na son garin, amma ba su san yadda ake damawa ba. Turancin da ke jikin ledar dole ne ya zauna, tunda haka NAFDAC ta tanada, sai dai ba shi ke jawo mai saye ba. Shi ya sa na nemi wani ɗan ofishin fassara a Samaru, kusa da babbar ƙofar ABU, wanda wasu matasa da suka karanci harsuna suke riƙe da shi.

Abin da ya fara kwantar min da hankali shi ne tambayoyinsu. Wanda ya karɓe ni ya ce, "Hajiya, karantawa za a yi ko saurara?" Ya bayyana min cewa Ibo yana da karori da yawa, na Onica daban da na Owerri, amma akwai daidaitaccen da ake rubutu da shi, bisa ƙa'idar da aka tsayar a 1961. Saboda haka rubutun leda za su yi shi da daidaitaccen, muryar da za a tura ta WhatsApp kuwa 'yar Anambra ce za ta ɗauka da harshen garinsu. Wannan tunanin kaɗai ya cancanci kuɗin.

Na Yarbancin a gabana aka gyara shi. Yarinyar da ta yi aikin 'yar Oyo ce, haihuwar Sabon Gari, Hausa a bakinta kamar jakin Kano. Ta ƙara girman rubutun a kwamfuta tana nuna min ɗige-ɗigen da ke ƙarƙashin wasu haruffa da 'yan karan da ke samansu, ta ce ɗige-ɗigen ne ke bambanta sautin haruffan, karan kuma ke nuna hawa da saukar murya, in aka zubar da su kalma sai ta koma wata. Na gane nan take, don ni ma raina na ɓaci in na ga an rubuta Hausa babu lanƙwasar ƙ da ɗ da ɓ. Ta ce tun 1843 Samuel Ajayi Crowther ya fitar da littafin kalmomin Yarbanci, to babu dalilin da za a yi wa harshen rubutun ganin dama a jikin kayan sayarwa. Har ludayinmu ta tambayi girmansa, ta mayar da awon zuwa cokalin cin abinci, tunda shi kowa ya sani.

A wajensu na ji cewa Hausa ba dangin waɗannan biyun ba ce ko kaɗan. Ita daga rukunin harsunan Cadi take, dangin nesa na Larabci, su kuwa Yarbanci da Ibo suna cikin babban gidan Neja-Kongo. Shi ya sa ba sa yarda mutum ɗaya ya yi duka, kowane harshe ɗan cikinsa ke rubutawa, wani kuma ya sake dubawa. Wannan tsari ya yi min, kuma ya dace da Zariya, garin da Hukumar Fassara ta zauna, inda Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a 1939 Abubakar Imam na editanta.

Inda suka gaza shi ne cika alkawari. Na Ibon ya wuce ranar da suka sa min sosai, saboda mai dubawar ɗaya ce tak kuma tana jarrabawa, ba su kira sun sanar da ni ba sai da na bi sawu. Mai kaya a hanya ba zai ji daɗin haka ba. Kuɗinsu ma ba arha, na muryar daban ake biya.

Duk wanda zai je, ya tafi da bayaninsa a rubuce da Hausa tsaf, ya kuma ce su ba shi aikin a PDF, don injin wasu masu buga leda yana cinye ɗige-ɗigen. Ni zan koma musu da na yajin kafin azumi, amma wannan karon da wuri zan kai.